Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano: A Nemi Cutar Fitsarin Ɓera Cikin Masu Zazzaɓin Damina

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, na zaɓi in rubuto maka wannan takarda a bainar jama'a ne saboda maganar da ke cikinta ta fi ƙarfin ofis ɗaya. Da ma'aikatarka, da ta muhalli, da masu kula da lafiyar dabbobi, da duk magidancin da ruwan kwata ke shigar masa zaure idan sama ta zubo, kowa da rabonsa a ciki. Ni tsohon duba-gari ne. A lunguna da kasuwannin birnin nan na yi aikina har na ajiye, kuma wanda ya san abin da ke cikin kwatocin Kano ba zai yi shiru ba don kawai ya yi ritaya.

Buƙatata guda ce, sauran duk rassanta ne. Ina roƙon ma'aikatarka ta fita neman cutar fitsarin ɓera a cikin masu zazzaɓin damina. Nema na gaske, da gwaji da rubutawa, ba zaman jiran ranar da za ta sanar da kanta da gawarwaki ba.

Likitoci suna kiranta leftosfirosis, ƙwayar da ke haddasa ta kuma Leptospira, wata siririyar bakteriya murɗaɗɗiya. Mazauninta ƙodar ɓera. Shi ɓeran lafiyarsa lau, yana yawonsa yana zubar da ita a fitsari wata da watanni. Kare da saniya da akuya da tunkiya da alade su ma suna ɗauka su zubar. Idan fitsarin ya sauka a busasshiyar ƙasa rana ta doke shi, ƙwayar ta mutu. Idan kuwa ya sauka a taɓo ko ruwan da ke kwance, tana iya yin makonni, har watanni, da ranta. Sai mutum ya taka wannan ruwa da ƙafa mai faso, ko da wani ɗan yanka da bai ma san da shi ba, ko ruwan ya fantsamar masa a ido ko hanci ko baki, shi ke nan ta sami hanyar jini. Ba sai ya sha ruwan ba, ba kuma sai ya ga ɓeran da idonsa ba.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ilimin likitanci. Tun 1886 wani likita Bajamushe, Adolf Weil, ya bayyana nau'inta mai tsanani, wanda ke haɗa zazzaɓi da shawara da lalacewar ƙoda. A 1915 masu bincike a Japan suka gano ƙwayar kanta, a yankin da take yawan kama masu haƙar kwal cikin ramuka masu ruwa da ɓeraye. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 1 ke kamuwa da ita duk shekara a duniya, kusan 59,000 kuma ke rasuwa, kuma babban kaso daga cikinsu maza ne 'yan shekara 20 zuwa 49. Wato masu ciyar da gida, waɗanda abincinsu ke cikin taɓo.

Yanzu ka dubi Kano da wannan idon, ranka ya daɗe. Abu uku cutar take so su haɗu: ɓera, ruwan da ke kwance, da ƙafar da ba takalmi. Wanne muka rasa a ciki? Muna da Dawanau da rumbunanta na hatsi, muna da Singa da sito-sitonta na kayan masarufi, muna da Yankaba da 'Yan Lemo inda ruɓaɓɓen kayan gwari da na marmari ke taruwa kullum, ga Kurmi da Rimi da Sabon Gari. Duk mai gadin kasuwa zai ba ka labarin abin da ke fitowa daga ƙarƙashin rumfuna bayan isha'i. Jakara ta ratsa tsakiyar birni tana kwasar abin da gidaje da mayanka suka zubar, can gaba ta haɗu da Getsi da ta ɗauko ruwan Bompai. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, waɗanda a da suke shanye ruwan sama, da yawansu an cike su da shara an yi gini a kai. Ruwan da ya rasa masauki kuwa ba komawa sama yake yi ba, titi yake bi ya shiga soro ya shiga tsakar gida, ya tafi da duk abin da ke cikin lambatu, wani lokaci har ya gangara cikin rijiyar da ba a ɗaga bakinta ba.

Kowa ya tuna ambaliyar Kantin Kwari a daminar 2022. Mun ga 'yan kasuwa da yaransu da 'yan dako tsamo-tsamo cikin ruwa suna fito da atamfa da shadda. An yi lissafin dukiyar da ta salwanta, an yi jaje, kuma ya cancanta a yi. Amma ɗan dakon da zazzaɓi ya kwantar bayan kwana goma da shiga wannan ruwa, shi kansa ba zai haɗa ciwonsa da ranar ambaliya ba, balle mai ba shi magani. A wasu biranen duniya an riga an koyi haɗa su, bayan an sha wahala. Bayan ambaliyar Mumbai ta Indiya a watan Yulin 2005 asibitoci sun cika da masu wannan cuta. Haka aka gani a Manila ta Filifin bayan guguwar Satumbar 2009, inda aka ƙirga sama da mutum 2,000 cikin 'yan makonni. Haka kuma a jihar Kerala ta Indiya bayan ambaliyar 2018. A birnin Salvador na Brazil an shafe shekaru ana bin unguwannin talakawa gida-gida, aka ga waɗanda suka fi kamuwa su ne na gidajen da ke cikin kwari, kusa da buɗaɗɗiyar kwata da juji, masu ganin ɓera a tsakar gidansu. Duk wanda ya san Kwarin Gogau da gidajen da ke bakin Jakara ya san irin wurin da ake nufi.

Su wa ke shiga wannan ruwa a Kano? Ba manya ba ne. Masu yasar kwata ne, da shebur da silifas, wani ma ƙafa tsirara don kada taɓo ya cinye masa takalmi. 'Yan jari-bola ne masu tona juji da hannu. Mahauta ne da yaransu a Abbatuwa, masu feɗe ciki su fitar da ƙoda da mafitsara, masu wanke kayan ciki suna tsaye cikin ruwan da ya gauraya da jini da fitsari, wuƙa kuma ba ta rabuwa da yi musu 'yan yanka a yatsu. Masu lambu ne a gefen Jakara da ke ba latas da alayyahu ruwa daga rafin. Masu wankin mota da babur ne a bakin kududdufi. Yara ne da almajirai masu ninkaya idan kududdufin ya cika. Mata ne da ke tashi tsakar dare su yi ta kwashe ruwa daga ɗaki da kwano da tsintsiya har gari ya waye. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne samarin ƙungiyoyin sa-kai na unguwanni. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da gwamnati ta tsayar da zirga-zirga don tsaftar muhalli, su ne ke faɗawa cikin lambatu har gwiwa don amsa kiran hukuma. Aikin alheri suke yi, kuma mu muka kira su. Bai kamata mu tura su cikin abin da zai iya kashe musu ƙoda ba tare da ko gargaɗi ba.

Ka ba ni dama in bi maka hanyar da mai wannan ciwo yake bi a garin nan, domin a nan matsalar take.

Kwana 5 zuwa 14 bayan shiga ruwan, wani lokaci har wata guda, zazzaɓi ya rufe shi farat ɗaya. Rawar sanyi, ciwon kai mai tsanani, amai, ciwon jiki musamman gadon baya da sharaɓa, har idan an matsa sharaɓar sai ya yi ƙara. Idanunsa su yi jawur amma babu kwantsa. Ya tafi kemis na bakin layi, ko a kai shi ƙaramin asibiti. Amsar kowa ya santa tun kafin a faɗa: maleriya ce da taifod. A yi masa allurai, a haɗa masa ƙwayoyi. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya lafa, a ce magani ya karɓe shi. Alhali ita cutar ɗabi'arta ke nan, takan lafa sannan ta dawo. Gaskiya ne, kusan tara cikin goma suna warkewa daga nan, ko da magani ko babu. Ragowar ɗayan nan shi ne abin kuka. Idonsa ya koma ruwan ɗorawa, sai dattawan gida su ce ai shawara ce, ita kuwa ba ta son allura, a koma jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Ana cikin haka fitsari ya ragu, ya zo ya ɗauke. Kafin a kai shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano magana ta zama ta wankin ƙoda, kuɗin da ɗan dako ko mai yasar kwata ba zai tara ba ko da dangi sun yi karo-karo. Wani kuma huhu take kamawa, ya fara tarin jini, kuma a wannan nau'in fiye da rabin waɗanda ta kama ba sa tashi, ko a asibitocin da ke da kayan aiki. A yi jana'iza, a ce ciwon ƙoda ne ko shawara ce ta ajali. Ajali gaskiya ne, mun yi imani da shi. Amma Wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, kuma ya umarce mu da nema.

Maganin kuwa yana cikin kowane kemis a Kano. Doksisaikilin ko amoksisilin ga wanda ciwonsa bai yi nisa ba, allurar fenisilin ko seftirayakzon ga wanda aka kwantar. Ba maganin da sai an yi oda daga waje ba ne, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na wankin ƙoda sau ɗaya ba. Sharaɗin shi ne a fara da wuri, a kwanakin farko. Akwai ma wani abu da ke ƙara ɓoye cutar: wanda aka yi wa allurar seftirayakzon da sunan taifod yana iya warkewa daga cutar fitsarin ɓera bisa dace, a rubuta a littafi cewa an warkar da taifod. Wanda kuma aka ba maganin maleriya kaɗai, aka haɗa masa da diklofenak ko ibufurofen saboda ciwon jiki, an ƙara wa ƙodar da ke fama nauyi ne, domin waɗannan magunguna suna cutar da ƙodar da ta riga ta raunana.

Na san abin da za a ce, kuma ba na musunsa: maleriya ita ce babbar mai kashe mana yara, kuma a damina ita ce kan gaba a Kano. Amma yawanta ne ya sa muka daina ganin komai bayanta. A garin Moshi na arewacin Tanzaniya an bi marasa lafiya 870 da aka kwantar da zazzaɓi, aka yi musu cikakken gwaji, aka wallafa sakamakon a 2013. Kashi 60 cikin 100 an ce musu maleriya ce a asibiti, amma da aka tantance, waɗanda ke da ita da gaske ba su kai kashi 2 ba. Cikin waɗanda aka yi wa gwajin cutar fitsarin ɓera kuwa, kusan kashi 9 ita ce ke damunsu. Moshi ba Kano ba ce, maleriyarmu ta fi tasu nesa ba kusa ba. Darasin dai shi ne ba su san tana nan ba sai da suka nema. A watan Yulin 2022 ma, a yankin Lindi na ƙasar, wata cuta ta kama mutum 20 ta kashe 3, hankali ya tashi, aka gwada Ebola da Marburg da korona duk babu, daga baya aka gano ita ce. A nan gida Najeriya likitocin dabbobi sun sami alamarta a jinin shanun da ake yankawa a mayankar Zango ta Zariya, an kuma same ta a shanu da mutane a Filato. Shanun da ke shigo mana daga Wudil da Dambatta da Maigatari ba wata katanga tsakaninsu da na Zariya. Ina roƙonka ka sa a duba littattafan manyan asibitocinmu a ga yaushe rabon da a rubuta sunan wannan cuta a katin wani majinyaci, sannan a tambayi ɗakin gwaji yaushe rabon da a nemi su gwada ta. Idan amsar biyun ta zo ɗaya, to rashin ganinta a littafi ba shaidar rashinta a gari ba ne.

Abu na farko da za a iya yi ba ya cin ko kwabo. Tambaya ce. Duk mai zazzaɓi da ya zo asibiti daga Yuni zuwa Oktoba, a tambaye shi sana'arsa, a kuma tambaye shi ko ya shiga ruwan ambaliya ko kwata ko kududdufi a cikin watan nan. A duba idonsa, a matsa sharaɓarsa, a tambaye shi yadda fitsarinsa yake. Takarda guda daga ofishinka zuwa asibitocin sha-ka-tafi da manyan asibitoci, ɗauke da waɗannan alamu da maganin da za a fara da lokacin da za a tura majinyaci gaba, ta isa ta sauya abubuwa da yawa. A kuma tuna wa ma'aikata cewa gwajin maleriya ya nuna akwai ba ya nufin ita kaɗai ce, domin a Kano mutum yana iya yawo da ƙwayar maleriya a jini wata cutar daban tana cinsa. Wanda aka ba maganin maleriya ya kwana biyu zuwa uku bai ji sauƙi ba, a sake tunani, kada a sake allura kawai.

Masu kemis kuma kada a bar su a baya, ko a ɗauke su abokan gaba. Ko mun so ko mun ƙi, su ne asibitin farko na talaka. Suna da ƙungiya, suna da shugabanni, suna zuwa taro idan an kira su. A koya musu abu biyu: zazzaɓi da jan ido da ciwon sharaɓa ga wanda ya shiga ruwa, a tura shi asibiti ranar, fitsari ya ragu ko ido ya yi ɗorawa, kada a sayar masa da komai, a ce a tafi da shi yanzu. Ba ina kira ne a saki doksisaikilin kowa ya saya ya sha ba. Ba a cika ba mai ciki da ƙananan yara shi ba, kuma shan maganin ƙwayoyin cuta barkatai wata masifar ce da muke ciki tuni. A Kerala da Filifin hukumomi kan raba shi ga masu aikin ceto da share gari bayan ambaliya don kariya, amma bisa umarnin likita da lissafi. Ko za a yi haka ga masu yasar manyan magudananmu, shawara ce ta likitocinka.

Sai maganar gwaji, wadda nake ganin ita ce ƙashin bayan komai. A lokacin korona, a 2020, an kafa ɗakunan gwaji masu na'urar PCR a Kano, a Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, an kuma horar da mutanenmu a kansu. Irin wannan na'ura tana gano ƙwayar Leptospira a jini a makon farko na ciwo, idan an sayo sinadaran da suka dace. Daga ƙarshen makon farko kuma akwai gwajin da ke gano martanin da jiki ya mayar wa ƙwayar. Ba a buƙatar sabon gini ko kwangila. A zaɓi asibitoci kaɗan, a ce Murtala da Asibitin Zana da na Malam Aminu Kano, a ɗauki damina guda ana gwada masu zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, da masu zazzaɓi haɗe da shawara, da waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya. Akwai ma wata hanya mafi sauƙi. Jami'an sa-ido kan cututtuka sun riga suna ɗibar jinin masu zazzaɓi da ɗorawar ido don neman cutar shawara mai yaɗuwa ta hanyar sauro. Idan sakamako ya dawo babu ita, shi majinyacin ai bai fasa ciwo ba, wani abu ne ya sa idonsa ya canza. A gwada wannan jinin da ke hannu a ga ko cutar fitsarin ɓera ce. Hukumar NCDC ta tarayya, mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, za ta iya taimakawa, haka cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta ɓangaren dabbobi, amma sai jiha ta nema.

Ta ɓangaren dabbobin, makiyayi da mai kiwo a gida su ma suna asara ba su san dalili ba, domin cutar tana sa saniya ɓari tana kuma rage nono. Akwai rigakafinta na shanu da na karnuka. Likitocin dabbobi da ke duba nama a mayanka su ne suka fi kowa damar ɗibar samfur daga ƙodar dabbobin da aka yanka. A zauna da Sarkin Fawa da shugabannin mahauta, a faɗa musu gaskiya cikin mutunci, kuma a bayyana wa jama'a cewa naman da aka dafa ya dahu ba ya ɗauke da wannan haɗari, kada a kashe wa bayin Allah kasuwa. Haɗarin yana kan mai feɗewa da mai wankewa, kuma maganinsa dogon takalmin roba, safar hannu, rufe ciwo da filasta, da ruwa mai tsabta da sabulu a wurin aiki.

Wannan takalmin roba, ranka ya daɗe, ina so ka riƙe shi da muhimmanci ko da ya yi kama da ƙaramin abu a gaban kasafin ma'aikata. Ka yi magana da takwaranka na muhalli da hukumar kwashe shara ta REMASAB da shugabannin ƙananan hukumomin cikin birni, a mayar da shi ƙa'ida: ba a tura kowa cikin lambatu, ma'aikaci ne ko ɗan kwangila ko ɗan sa-kai, sai da takalmi da safar hannu. A ajiye wasu a hannun masu unguwanni, a ba da aro ranar tsafta a karɓa. Yasar magudanan ma a yi ta tun cikin rani, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da kwata ta ja baya, ba sai ruwa ya cika ta ba. Abin da aka yaso kuma a kwashe shi a ranar. Tara shi a bakin titi ya kwana bakwai, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito, wahalar banza ce, kuma yara a kansa suke wasa.

Ba zan ɗora wa gwamnati komai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke juye shara a kwata idan hadari ya haɗo don ruwa ya tafi da ita. Mu ne muke zubar da ragowar tuwo a bayan gida, muke barin buhun hatsi a ƙasa, muke gina shago a kan hanyar ruwa. Shinkafar ɓera kaɗai ba ta maganin ɓera muddin abincinsa na nan, ga kuma haɗarinta ga yara da kaji. Wanda ya kashe ɓera ma kada ya ɗauke shi da hannu tsirara. Amma mutane ba sa gyara abin da ba a faɗa musu ba, kuma Kano ba ta rasa hanyar faɗa. Gidajen rediyonmu ana jin su a kowane shago da kowane adaidaita sahu. Limamanmu kuma ba sai an ƙirƙiro musu hujja ba, tana cikin littattafan da suke karantarwa: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a rufe ƙorai da mazubin ruwa idan za a kwanta, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi bayanin abin da za a yi idan ɓera ya faɗa cikin man shanu. Huɗuba guda a farkon damina za ta kai inda fosta ba ta kaiwa. Malaman tsangaya kuma a roƙe su su hana yara wanka a kududdufi, wanda dama yana cinye mana rayuka ta hanyar nutsewa.

A cikin wayar da kan a gyara wasu abubuwa biyu da ke rikita mutane. Akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa wani ya sha lemon gwangwani da ɓera ya yi wa fitsari ya mutu. Wanke bakin gwangwani abu ne mai kyau, amma ƙwayar ba ta jure bushewa, kuma mutumin da ke goge gwangwani da kyau sannan ya tsallaka ruwan kwata da silifas ya bar haɗarin gaske a bayansa. Na biyu, da an ambaci ɓera sai hankali ya tafi kan zazzaɓin Lassa. Ba ɗaya ba ne. Lassa ƙwayar bairos ce, ta fi tashi da rani, tana kuma yaɗuwa daga majinyaci zuwa mai jinya. Wannan kuwa bakteriya ce, ta fi tashi da damina, da wuya ƙwarai mutum ya ɗauke ta daga mutum, don haka ba dalilin gudun mai ita ko ɓoye shi a ɗaki. Wanda dole ta sa ya shiga ruwan ambaliya, ya wanke jikinsa da sabulu da zarar ya fito, ya wanke duk wani ciwo, ya kuma riƙe ranar a ransa, don idan zazzaɓi ya zo ya faɗa wa likita da bakinsa. Rijiyar da ambaliya ta shiga a yashe ta a sa mata sinadarin kilorin, ruwan sha kuma a tafasa.

Roƙona na ƙarshe shi ne idan an yi gwajin nan, a fito a faɗa wa mutanen Kano abin da aka samu bayan ɗaukewar ruwa: mutum nawa aka gwada, nawa aka samu da ita, daga waɗanne unguwanni, masu wace sana'a. Ko an samu da yawa ko kaɗan, a faɗa, a kuma aika wa masu unguwanni da shugabannin kasuwanni da ƙungiyar mahauta kwafi, don su san inda za su fara kafin wata daminar.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon duba-gari, daga cikin birnin Kano.